Injin Gwaggo

Motar Baba ta girme ni. Fijo ce mai dogon baya, fara ce a da, amma yanzu launinta ya koma kamar na furar da aka dama da nono. A tashar Argungu ba mai kiran ta da lamba ko da sunan mai ita. Gwaggo ake ce mata. 'Yan kamasho in sun ga ta shigo sai su ɗan rusuna su ce, "Gwaggo, an zo lahiya?" Ita kuwa in an kashe ta sai ta yi tari kafin ta yi shiru, kamar dai ta amsa.

Mahaifina, Malam Maigandi Direba, ya saye ta tun kafin ya auri Inna. Da ita ya yi ta jigila tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, mutane a ciki, buhunan albasa a sama, kwandunan bandar kifi a baya, har warin ya zauna a kujerun ya zama nasu. Ni ban yi nisa a boko ba. Da na gama firamare na ce ya ishe ni, Baba bai yi faɗa ba. Ya ce to ga mota nan, ita ma makaranta ce. A gefensa na girma, har na iya tuƙi, har ya fara bar mini sitiyari.

Akwai abin da Baba yake yi kowace safiya, wanda ban taɓa ganin ya fasa ba. In an dawo daga masallaci sai ya tayar da Gwaggo, ya buɗe bonet, ya jawo wata guntuwar sandar ƙirya daga ƙarƙashin kujerarsa. Sandar ta yi baƙi ƙirin saboda maiƙo da gumin hannu. Sai ya aza kanta ɗaya a jikin inji, ɗayan ya manna a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Ya saurara nan, ya matsa can, ya gangara ƙasa. A wannan lokacin ko akuya ba ta isa ta yi kuka a gidanmu ba. In ya gama sai ya ce, "Ta kwana lahiya." Ko kuma ya ce yau ba za a ɗauki kaya masu nauyi ba, kuma ba ya faɗin dalili. Na sha roƙonsa ya ba ni in gwada. Kullum amsar ɗaya ce.

"Kunnenka bai nuna ba tukuna, Zayyanu."

Saboda wannan sauraro ne bai taɓa yin barci a cikin mota ba. Ko ni ke tuƙi, ko mun fito da gajiyar da ta fi kowace, zai zauna a gaba ya karkatar da kai gefe guda kamar mai jin gulma ta bayan danga.

Da direbobin tasha suka fara cire tsofaffin injina suna sa na Jafan, don ba ya shan mai da yawa, Baba ya mai da su abin dariya. Injin keken ɗinki yake ce masa. In suka matsa masa sai ya bugi bonet ɗin Gwaggo ya ce, "Ni da injin ga tare munka tsuhwa, tare za mu tahi. Ranar da kunka ga an ɗebe shi, ku ɗauki magirbi ku tahi ginar kushewata."

Kowa sai ya kwashe da dariya. Inna ce kawai ba ta taɓa darawa ba in maganar ta iso gida. Cewa take, "Malam, ka bar hwaɗin haka. Baki shi ka yanka wuya."

Bara, lokacin yankan shinkafa, Baba ya faɗi yana alwala. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Mutumin da in yana zance a tasha ana jin sa daga bakin kasuwa, sai ga shi sai ido. Allah ya sa rai na gaba. A asibitin Birni aka haɗa mu da Sista Priscilla, wata Kirista mutuniyar Filato, mai yi wa irin su Baba gashi da motsa gaɓoɓi. Ita ta ce a riƙa kawo shi kowane mako, kada a yi fashi. Kuma mun ga amfanin abin. Yatsunsa suka fara motsi, har ya fara tsayuwa in an riƙe shi.

A Gwaggo nake kai shi. Motar haya ba za ta yiwu ba, don can cusa mutane ake yi kamar kifi a kwando. A Gwaggo kuwa nakan kwantar da kujerar tsakiya in shimfiɗa masa katifa, Inna ta zauna wajen kansa.

Sai dai ita ma Gwaggo kamar jira take Baba ya kwanta. Ta fara shan baƙin mai kamar ruwa. Hayaƙi shuɗi yana bin mu a baya, masu babur suna toshe hanci suna yi mini Allah ya isa. In an ɗan yi tafiya sai ta ɗau zafi. Na koma yawo da jarkoki, ɗaya ta mai, sauran na ruwa. Fasinjojin da suka saba da mu suka fara gaishe ni daga nesa suna shiga wata motar, ban kuma ga laifinsu ba.

Ranar da abin ya kai maƙura a cikin bazara ne. Mun fito za mu asibiti, mun wuce Ambursa kaɗan, rana ta take tsaka, sai na ga tururi yana fitowa ta gefen bonet. Gwaggo ta yi wata irin ƙara daga can cikin cikinta, ta mutu. Na tura ta gefen hanya. Babu inuwa a wurin sai ta wata 'yar aduwa da ba ta kai ta rufe akuya ba. Cikin motar ya zama kamar tanda. Na leƙa na ga Baba ya jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun bushe, idonsa ya yi ja, ga shi ba halin ya ce ƙishi yake ji. Inna tana ta yi masa fifita da gefen mayafi. Ruwan da na tanada don lagireto shi muka riƙa zuba masa a kai da ƙirji.

Wani bawan Allah mai a-kori-kura, ya sauke albasa zai koma, shi ya tsaya ya ɗaure mu da igiya ya ja mu har Gwadangaji. Ban san sunansa ba har yau, amma ba na mantawa da shi a addu'a. Daga nan muka sa Baba a keke mai ƙafa uku, ina rungume da shi, muka ƙarasa.

Sista Priscilla ta gwada jininsa, ta sake gwadawa. Ba ta yi masa gashi ba ranar, sai da ya kwanta ya huta. Sannan ta ja ni gefe.

"Zayyanu, kai yaron kirki ne, shi ya sa zan gaya maka. Babanka ba buhun albasa ba ne da za a bar shi a rana. In haka ta sake faruwa, ban san abin da za ka kawo mini ba."

Na ce, "Na ji, Sista."

"Kar ka ce ka ji kawai. Ka yi wani abu a kan motar nan."

Na sa aka jawo Gwaggo zuwa unguwar Nasarawa, nan cikin Birni, wurin Anayo. Anayo ɗan ƙabilar Ibo ne, yana da shagon kayan mota da gareji a bayansa. Ya daɗe a Birni har Kabancin bakinsa ya fi nawa. Shi da Baba abokan tsiya ne tun ban san kaina ba. Ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun yi musu ba, kuma ba wanda Baba ya yarda ya sa wa Gwaggo sifana sai shi.

Ya duba motar, ya goge hannu da tsumma, ya nuna mini benci.

"Zamna, Zayyanu. Gaskiya za ni hwaɗa maka, ka ji daɗi ko kada ka ji. Injin ga ya gama aikinai. Na sa mai ringi, na koma sa mai. An sassaƙe shi har babu sauran naman da za a sassaƙa. In na koma buɗe shi, ni da shi kunyar juna za mu ji."

"Ba wata dabara, Oga Anayo?"

"Akwai. In lallaɓa maka shi ka tahi sannu-sannu kamar mai rakiyar amarya. Shi kai ka yau, shi kai ka gobe, jibi shi aje ka cikin daji. Dabarar gaskiya tana can." Ya nuna wani tamfol a ƙarƙashin rumfa. "Inji biyu na, Beljiyam, ba su daɗe da isowa ba. Ɗaya danginta, ɗaya na Jafan da giyatai."

Kuɗi ba su ne damuwata ba, don albasar rani ta yi kyau bana. Na sunkuyar da kai na ce, "Ka san maganar Baba."

"Wace? Ta kushewa?" Ya yi dariya har da buga cinya. "Ni anka hwara hwaɗa ma ita, nan bisa bencin ga da kake zamne. Kai, ubanka hwa! Mutumen da yar rantse in ya koma shan shayin Yari a kira shi jaki, da sahe na ishe shi can da kohi a hannu yana neman ƙarin madara."

"Inna ba ta ɗauke ta wasa ba."

Sai ya daina dariya. Ya ɗan jima yana kallon Gwaggo.

"Shi uban naka hwa? Kun tambaye shi?"

"Ƙaƙa za a tambayi wanda ba shi magana?"

"Bakinai na ya kwanta," in ji Anayo. "Wa yac ce maka kunnenai ya kwanta?"

Ya lallaɓa motar kamar yadda ya ce, na kwashe iyayena muka koma Argungu a hankali, ina tsayawa ina ba ta ruwa.

Kashegari da la'asar na sami Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa gefenta na faɗa mata duk abin da Anayo ya ce. Ba ta ɗago ba.

"Ka bari shi warke tukuna."

"Inna, da wace mota za a kai shi shi warke?"

"Kai ba ka ji abin da yac ce ba? Da bakinai yac ce. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Motag ga ta lalace, shi ma ya lalace, lokaci guda. Kai ba ka gani?" Ta share ido da bayan hannu. "Kuma kada ka kuskura ka kai mai zancen ga. Jininai shi hau, ka ce mi?"

Na tashi na bar ta da shinkafarta. Ni ba mai musu ba ne, balle da Inna. Kuma in faɗi gaskiya, ni ma abin yana ɗan taɓa ni. Na san rai a hannun Allah yake, ba a cikin ƙarfe ba. Amma in mutum ya ji magana tun yana yaro, takan sami wurin zama a zuciyarsa ko bai ba ta ba.

Kwanakin nan na yi ta juya abin. Na yi tunanin in canza injin a ɓoye, sai na yi wa kaina dariya. Wa za a ɓoye wa? Mutumin da yake gane an canza gidan mai daga jin ƙarar mota? Na yi tunanin in bar komai yadda yake in dogara ga Allah, sai in tuna leɓɓan Baba a gindin aduwar nan. Kuma na lura da wani abu. Duk safiyar da na tayar da Gwaggo a ƙofar gida, in na shigo sai in ishe Baba ya juya kai wajen taga, ya ɓata fuska, hannunsa na hagu ya damƙe zanen gado. Inna ta ce kewar tuƙi ce. Ni ma haka na ɗauka.

Ana gobe za mu koma asibiti, Inna ta kira ni madafa. Tana juya tuwo, ba ta kalle ni ba.

"Jiya na yi mahwalkin hanyar Ambursa," in ji ta. Muciya na ta aiki. "Ni ba ni cewa i, ba ni cewa a'a. Amma in za a kai mai zancen, a kai mai gabana."

Na ce, "Na gode, Inna."

"Kada ka gode. Ban yi maka komi ba."

Mun fita tun da sanyin safiya, Allah ya taimake mu muka isa lafiya. Da aka gama gashi na karkata mota zuwa Nasarawa. Baba ya gane hanyar, na gan shi ta madubi yana ɗaga kai. Anayo ya taho da sauri da kujerar roba, muka kama Baba muka zaunar da shi a inuwar dogon yaro. Inna ta ƙi fitowa. Ta zauna a cikin mota, ƙofa a buɗe, carbi a hannu.

Anayo ya tsuguna gaban Baba, ya riƙe hannunsa mai lafiya da hannu biyu.

"Maigandi, ka ga yadda Allah ka aikinai? Shekara da shekaru ina roƙon a ba ni hilin magana in kana wuri. Yau ga shi an ba ni, kuma wallahi ba daɗi."

Gefen bakin Baba na hagu ya ɗan ɗaga.

Ban iya tsara magana ba, don haka ban tsara ba. Na tayar da Gwaggo, na buɗe bonet, na sa hannu ƙarƙashin kujera na jawo sandar ƙiryar. Tun ranar da ya faɗi ban taɓa ta ba. Na goge mata ƙura da rigata na miƙa masa.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya karɓa, ya yunƙura.

Ni a dama, Anayo a hagu, muka tsayar da shi a gaban mota. Hannun hagu ba shi ne hannun aikinsa ba, sandar tana ta rawa, sai na tallafe masa gwiwar hannu har ta zauna a jikin inji. Ya manna ta a bayan kunne. Ya rufe ido.

Anayo ya ɗaga wa mai bugun kwano da ke gefe hannu, guduma ta tsaya. Garejin nan duka ya yi tsit, sai numfashin Gwaggo.

Ya saurari sama. Ya matsa. Ya gangara ƙasa, can wajen cikin injin, ya tsaya nan bai motsa ba har ƙafarsa ta fara rawa a jikin tawa. Fuskarsa ta ɓaci, irin ɓacin nan da nake gani kowace safiya. A nan na gane ashe ba kewar tuƙi ba ce. Tun daga kan gadonsa yake jin abin da ke damun motar, ga shi ba bakin faɗa, mu kuma ba wanda ya tambaye shi.

Ya buɗe ido. Ya zare sandar daga kunnensa, ya tura mini ita har ta bugi kumatuna.

"Ni, Baba?"

Ya harare ni, irin harararsa ta da.

Na manna ta a bayan kunne na rufe ido. Da farko ban ji komai ba sai hayaniya, kamar kasuwar kifi ranar da aka yi babban kamu. Na daure. A hankali hayaniyar ta rarrabu, kowace ƙara ta koma wurinta. Sai na ji wani abu a ƙarƙashinsu duka. Bugu ne mai nauyi, kamar ana daka a wani gida mai nisa, kuma mai dakan ta gaji, taɓarya tana kufce mata tana bugun gefen turmi. Ba wanda ya gaya mini ma'anarsa, amma na ji tausayi ya kama ni.

Na ɗago na kalli Baba. Na gyaɗa kai. Shi ma ya gyaɗa.

Ya yi alama a kashe ta. Aka kashe, ta yi tarinta ta yi shiru. Baba ya aza tafin hannunsa a gefen motar, ya shafa ta a hankali kamar yadda ake shafa wuyan doki bayan doguwar tafiya. Sannan ya nuna injin, ya juya hannu sama ya yi gefe da shi. Ko yaro ya san abin da yake nufi. A ɗebe.

"Malam."

Muryar Inna ce daga cikin mota. Ta sauko da ƙafa ɗaya ƙasa.

"Malam, maganakka hwa? Wadda kac ce?"

Baba ya juya da ƙyar ya kalle ta. Ya daɗe yana kallon ta. Sai ya ɗaga hannu ya kaɗa shi a gaban fuska kamar mai korar ƙuda, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Na tsorata, na zaci sarƙewa ya yi. Ashe dariya ce. Tun da ya kwanta ba mu ji ta ba. Karkatacciya ce, rabin baki, amma tasa ce.

Inna ta rufe fuska da mayafi. Ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Anayo ya yaye tamfol. Injinan biyu suna zaune a kan tsofaffin tayoyi. Aka jawo batir, aka rataya gorar fetur da 'yar tiyo, aka tayar da na farko, dangin Gwaggo. An wanke shi yana ta ƙyalli. Ni a raina na riga na gama cewa shi Baba zai zaɓa. Muka matsar masa da kujera. Ya aza sanda, ya saurara, bai jima ba ya taɓe baki ya ɗauke kai.

Aka tayar da na biyun, na Jafan, wanda ko wanke shi ba a yi ba. Ƙararsa siririya ce, ba ta cika kunne. Baba ya aza sanda. Ya saurari sama, ya saurari ƙasa, ya koma sama. Ya sa aka ƙara wuta, ya sa aka rage. Ya daɗe ƙwarai. Da ya gama sai ya kalle ni, ya kalli hanyar da ta nufi Argungu, ya ƙwanƙwasa kan injin da sandarsa.

Anayo ya yi tsalle ya dafe kai.

"Keken ɗinki! Jama'a ku taho ku shaida! Maigandi ya zaɓi keken ɗinki! Wayyo, ina direbobin Argungu su gani!"

Baba ya ɗaga sanda zai kwaɗa masa, Anayo ya goce yana dariya. "Ka ga mugun tsoho! Hannu ɗaya gare shi, amma bai bar hali ba!"

A motarsa Anayo ya mai da mu gida ranar.

Ranar da za a cire injin na koma Birni ni kaɗai. Aka rataya sarƙa a reshen dogon yaro, muka ja, injin Gwaggo ya taso sama yana ɗigar da baƙin mai. Maganar kushewar nan ta faɗo mini a rai, ba zan ɓoye ba. Na koma gefe na kira wayar Inna.

"Yana nan," in ji ta tun kafin in tambaya. "Tun sahe ban ɗaga daga gabanai ba. Ya sha hura, yanzu hararata shi kai don na hana shi sakat." Daga baya na ji cewa ta soya waina ta raba wa maƙwabta sadaka, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo suna taya tsohon injin. Anayo ya kore su. Ya ce wannan ba na kilo ba ne. Ya wanke shi da kananzir, ya sa aka ɗora shi a bayan Gwaggo na kawo shi gida. Muka ajiye shi a tsakar gida kusa da ƙofar ɗakin Baba. Dama Sista Priscilla ta ce a samo masa wani abu mai nauyi da ba ya motsi, wanda zai riƙa dafawa yana koyon tashi da zama. Ba mu sha wahalar nema ba. Yanzu kowace hantsi za ka ga Baba ya dafa injinsa ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

A tasha kuwa an sha yi mini tsiya. Na shigo ba wanda ya ji shigowata. Na kashe mota, ba tari. Wani ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "Gwaggo, an yi sabon aure ba a gayyace mu ba?"

Makon da ya biyo baya, da za mu asibiti, Baba ya ƙi katifa. Ya nuna kujerar gaba. Na ɗaure shi da bel, na sa masa matashi a gefen da ba ya ji, sandarsa a kan cinya. Duk hanya ya karkatar da kai yana saurare. Muka isa da wuri har Sista Priscilla ta dubi agogo ta dube ni, ta ce, "Yau kuma jirgi kuka hau?"

A dawowa ne, rana ta yi zafi kamar waccan ranar. Mun wuce Gwadangaji, mota tana tafiya sumul, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Ina ta satar kallonta ina hamdala a zuci. Muna gab da 'yar aduwar nan ta kusa da Ambursa sai na ji wani abu ya faɗi a ƙasan mota. Sandar ce. Na waiga. Kan Baba ya langaɓe a kafaɗa, bakinsa a buɗe, hannunsa ya saki.

"Zayyanu," in ji Inna daga baya, da wata murya da ban san ta da ita ba. "Tsaya."

Na gangara gefen hanya. Na taka birki na tsaya. Na kasa taɓa shi, na kasa kiran sunansa. Inna ta miƙo hannu ta tsakanin kujeru, ta tsaya da shi a iska, ita ma ta kasa. Sabon injin yana ta aikinsa a hankali, shirunsa ya sa ana jin komai, har kukan kurciya daga cikin gonaki.

Sai muka ji. A hankali da farko, sannan da ƙarfi.

Minshari.

Inna ta koma ta jingina da kujera, ta saki wani dogon numfashi. "La'ilaha illallahu. Wanga mutum! Wanga mutum zai kashe ni da raina." Tana dariya, hawaye na zuba. "Tun da nis san shi bai taɓa runtsawa cikin mota ba. Ko ranar da anka kawo ni gidanai, kunnenai na ga inji."

Na sunkuya na ɗauki sandar. Na rasa inda zan sa ta, sai na tura ta ƙarƙashin kujerar direba, inda take zama.

"Mi kaka jira?" in ji Inna, ta rage murya. "Ja mu tahi. Sannu-sannu, kada ka hwaɗa rami ka tashe shi."

Na ce Alhamdu lillahi, na sa giya. Har muka shiga Argungu bai farka ba.